Malesiya da manja, mu da shinkafa

Akwai wani labari da kusan kowane ɗan Najeriya ya haddace, za ka ji shi a majalisar mai shayi, za ka ji shi a rediyo, ɗan siyasa ma in ya hau mumbari yana son a tafa mai sai ya jawo shi: wai mutanen Malesiya sun zo nan ƙasar sunka ɗauki irin kwakwar manja, yau ga shi su ke sayar wa duniya mu muna kallo. To akwai gaskiya a ciki, itacen dai ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma har farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen manja. Amma kwakwar ta riga ta isa can tun kafin a haifi kakanninmu, Turawan Holan sunka dasa ƙwaya 4 a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indunusiya a 1848, gonar kasuwanci ta farko a Malesiya kuwa 1917 anka buɗe ta. Ni ba ma wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kullum a nan labarin ke tsayawa, a yi tsaki a ce mun yi sakaci, babu mai tambayar shin mene ne ke tsaye a wurin kafin a jera kwakwar nan sahu-sahu.

Kurmi ne. Kurmi anka sare.

Mu nan Kabi ba mu da kurmi, dajinmu na sabara ne da geza da kalgo, wanda in ka hau tudu kana hango mutum daga nesa. Amma kurmi ba baƙonmu ba ne, goron da ake rabawa wurin ɗaurin aure da suna daga can yake fitowa, kakanninmu fatake sun yi ta taka sayyada zuwa Gwanja watanni a hanya saboda shi, kuma har gobe in anka kwance huhun goro ganyen nan mai faɗi da anka naɗe shi da shi ai ganyen kurmi ne. Wanda ya taɓa shiga irin dajin a Kuros Riba ko Edo ya san abin da nike nufi, rana tsaka amma ƙasa duhu, itace kan itace, wani ya naɗe wani, ƙasa jiƙe ko ba a yi ruwa ba, ga kukan abubuwan da ba ka ganinsu. Irin wanga daji bai fi kashi 6 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma masana na ƙiyasin kusan rabin nau'o'in halittun da ke tudu a cikinsa suke. A dajin Yasuni na ƙasar Ekwado an ƙirga itace iri daban-daban sama da 600 a hekta ɗaya tak. Hekta ɗaya fa, gonar da mutum ɗaya da ɗiyansa ke nomewa. Kai dai zauna ka lissafa itatuwan da ka sani tun daga Birnin Kabi har Jega, kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, gawo, kanya, ɗinya, aduwa, magarya, kurna, marke, giginya, goruba, maɗaci, in ka kai 50 kai gwani ne. Dajin Amazon na Kudancin Amurka gaba ɗaya kuwa wani bincike na 2013 ya ƙiyasta itatuwa biliyan 390, nau'i wajen 16,000. Na Kwango shi ke bi mai a girma.

Kuma ba yawan ne kaɗai abin mamaki ba, yadda Allah ya ɗaure su da juna ne. Akwai wani ƙaton itace a Amazon mai 'ya'ya kamar gyaɗa da ake kaiwa Turai ana sayarwa da tsada, gyaɗar Brazil suke ce mata. Furensa na da murfi mai ƙarfi, ƙananan ƙudan zuma ba su iya ɗaga shi sai wasu manya masu ƙarfi da ke rayuwa cikin kurmin, su ke shiga su kai mai barbara. In ya yi 'ya'ya kuma ƙwanson kamar dutse yake, sai wata dabba mai kama da gafiya mai kaifin haƙori ke iya fasa shi, ta ci wasu ta binne wasu ta manta, waɗanda ta manta su ke tsirowa. Shi ya sa har yau mafi yawan gyaɗar nan daga daji ake tsinto ta, waɗanda sunka gwada share fili su dasa itacen shi kaɗai ba su ga abin kirki ba. Ka cire ƙudan, itace ya tsaya ba haihuwa. Ka kashe gafiyar, babu sabon tsiro.

Wani abin da mutane ba su sani ba, ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi yadda ake zato. Mutum zai ga dajin ya yi shar ya ce kai wagga ƙasa ko ƙusa ka shuka za ta tsiro, alhali abincin ba cikin ƙasa yake ba, cikin itatuwan yake da ganyen da ke zuba yana ruɓewa saiwa na tsotsewa nan take. Ranar da anka sare anka ƙone, tokar za ta ba ka amfani shekara biyu uku, daga nan ruwan sama mai ƙarfi ya wanke komai, sai taki na buhu, ko kuma a matsa gaba a sare wani.

Yanzu Indunusiya da Malesiya su biyu ke fitar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kuma kada wani ya ce ba ruwansa don shi man gyaɗa yake ci, man nan na cikin sabulu da biskit da taliyar leda da yara ke so da man shafawa. Sun samu kuɗi, wannan ba a musu, kuma in za a yi adalci babu wani abin shuka da ke ba da mai a hekta kamar kwakwa. Amma tsibirin Borneo da Sumatra sun biya farashi. Wani babban biri mai jan gashi da ake kira orangutan, wanda babu shi a daji ko'ina a duniya sai waɗannan tsibirai biyu, yau yana bakin ƙarewa. Sannan wasu dazuzzukan nasu kan ruɓaɓɓen ganye na dubban shekaru suke tsaye cikin ruwa, in anka yanka magudanai anka tsane ruwan don a dasa kwakwa sai ƙasar kanta ta zama abin cin wuta, tana ci ta ƙarƙashi makonni ba a ganin harshenta sai hayaƙi. A 2015 hayaƙin gobarar Indunusiya ya turnuƙe har Singafo da Malesiya, anka rufe makarantu jirage sunka kasa tashi. A Brazil kuma kiwon shanu shi ne kan gaba wajen cinye Amazon, waken suya na biye.

Amma ni inda na fi son mu tsaya shi ne maganar cuta, don nan ne abin ya shafi aljihun manomi kai tsaye ko bai damu da biri ba.

Henry Ford, mai kamfanin motar nan na Amurka, ya so ya mallaki robarsa ta yin taya, sai ya karɓi makeken fili a bakin kogin Tapajos a Brazil a 1927, ya gina gari guda a 1928 ya sa mai suna Fordlandia, ya share daji ya jera itatuwan roba kusa da kusa. To ita roba asalinta 'yar dajin ce, amma a daji warwatse take, ɗaya nan ɗaya can da wasu itatuwa a tsakani, cutar ganye in ta kama wannan kafin ta kai ga wancan ta sha wuya. Da anka jera su kafaɗa da kafaɗa sai cutar ta samu titi. Duk kuɗin Ford da injiniyoyinsa ba su hana ba, a 1945 kamfanin ya mayar wa gwamnatin Brazil filin da asara. Ayaba ma haka. Akwai wani iri da duniya ke ci kafin shekarun 1950, Gros Michel, duk gonakin Amurka ta Tsakiya shi ne, kuma da yake ayaba ba daga ƙwaya ake shuka ta ba 'ya'yan gindi ake cirewa a dasa, kusan duk gonakin itace ɗaya ne anka maimaita sau miliyoyi. Cuta guda ta cikin ƙasa ta bi ta share su. Anka koma wani iri, Cavendish, anka sake yin abin da anka yi da farko, yanzu sabon nau'in cutar ya taso, ya shiga Mozambik a 2013, ya kai Kolombiya a 2019.

Kuma ai ba sai mun je Brazil ba. A tambayi dattawa abin da ya faru da gyaɗa a 1975, lokacin da cutar nan mai nannaɗe ganye da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta bi gonakin Arewa, ga fari da anka fito daga cikinsa, ga hankalin gwamnati ya koma kan fetur, dalar gyaɗa ba ta sake tsayuwa ba. A 2016 tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka. A 2023 manoman citta na kudancin Kaduna sunka wayi gari gonaki sun ruɓe, mutanen da duk jarinsu da bashinsu citta ne. Cutar ba laifin kowa ba ce, jarrabawa ce, amma girman ɓarnar ya danganta da ko kana da wani abu a gonar ban da wanda ta kama.

Wani kawuna ya daɗe yana zuwa cin rani Ondo, aikin gonar koko, har Yarbanci ya iya. Na taɓa tambayarsa nike cewa Kawu wai su gonakin kokon nan haka suke fetal ba komai sai koko? Ya ce a'a ɗana, gonar tsoffi daban ta yaran yanzu daban. Ya ce gonar tsoho in ka shiga ba ka cewa gona ce, ga manyan itatuwa an bar su suna inuwa, ga goro ga lemu ga ayaba ga kwakwa jefi-jefi, ƙasa kuma gwaza, in koko bai yi ba bana goro ya biya kuɗin makaranta. Sabbin kuwa sai a kwantar da komai a bar koko cikin rana don ya yi saurin haihuwa, ya kuwa yi, amma ya ce da wuri yake tsufa kuma feshi ba ya ƙarewa. Kwaddibuwa da Gana su ke ba duniya fiye da rabin kokonta, kuma Kwaddibuwa ta rasa mafi yawan kurminta daga 1960 zuwa yau, ƙasar da sunanta ma daga hauren giwa ya samo asali yanzu giwayen 'yan kaɗan sunka rage. Da cutar kumburin reshe da rikicewar damina sunka haɗu masu, a 2024 tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, farashin da ba a taɓa gani ba, amma manomin da itatuwansa sunka mutu me zai sayar? Namu kurmin na Najeriya ma ɗan abin da ya saura ne, gandun Kuros Riba inda goggon birin da bai kai 300 ba a duk duniya ke raɓe tsakaninmu da Kamaru, sai Okomu a Edo da gonakin kwakwa da roba sunka yi wa zobe.

To mu dawo gida, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

Tun da anka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kabi a watan Nuwamba 2015, shinkafa ta zama sarauniya a jihar nan. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan acaba kowa ya nemi fadama, injin ban ruwa ko'ina, daga Argungu zuwa Suru zuwa Yawuri in ka bi hanya da rani kore ne iya ganinka, injinan casa sunka tashi, an yi Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Kabi da Legas, a 2016, mutane sun yi gini sun yi aure sun je Makka da kuɗin shinkafa. Ni kaina gidanmu mun ci moriyarta kuma ba zan zauna a nan in zagi abin da ya rufa mana asiri ba. Abin da nike cewa shi ne tunanin da ya sare kurmin Borneo shi ne dai ke shigowa gonakinmu da ƙaramar riga: abu ɗaya, iri ɗaya, a share duk abin da ba shi ba.

Ku tuna gonar tudu yadda munka taso munka gan ta. Gero da dawa a kunya ɗaya, wake na yaɗo a ƙarƙashi, gyaɗa a gefe, kuɓewa da yakuwa da rama a bakin iyaka, kabewa ta hau dangar bukka. 'Yan boko na ganin wannan hargitsi ne, rashin tsari. Alhali waken nan taki yake sa wa ƙasa ta saiwarsa, ganyensa ya rufe ƙasa ya tsare laima, harawarsa ta ciyar da tumaki har bazara, in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya zarce dawa ta samu. Sai kuma gawo, itacen da ni har yau nike mamakinsa. Duk itatuwa na fitar da ganye da damina shi kuwa lokacin yake kaɗe nasa ya tsaya tsirara, rana ta sauka kan shuka ba ya tare ta, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma in kowa ya bushe shi sai ya yi kore, dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yan suna zuba kashi. Je ka duba geron gindin gawo ka duba na tsakiyar fili, ba sai malamin gona ya yi maka bayani ba, zangarniyar kanta za ta gaya maka. Amma yanzu mai tantan in ya zo huɗa sai ya ce itatuwan nan na ɓata mai lokaci, saiwa na karya mai faifai, mai gawayi kuma na tsaye da kuɗi a hannu, shi ke nan itacen da ya shekara 60 ya tafi a yini ɗaya.

Kuma wa ke fara jin zafin? Mata. Ɗorawa ba ta cikin lissafin buhunan da maigida ke kaiwa kasuwa, amma kalwarta ce daddawar miya kuma ita ce jarin tsohuwa, kaɗanya ita ce man kaɗe, kuka ita ce miyar dare. Maganin ciyawa da muke fesawa yanzu kamar ruwan wanka bai san tafasa ba bai san lalo ba bai san yaɗiya ba, duk ciyawa ce a wurinsa, ganyen da ake tsinka kyauta a yi kwaɗo lokacin da rumbu ya yi ƙasa yanzu sai an saya. A fadama ma masu kamun kifi na faɗin ƙananan kifin da ke bin ruwa cikin shinkafa sun ragu, kwaɗi ma ba a jin su kamar da. Babu wanda ke rubuta irin wagga asara a takarda shi ya sa kamar ba a yi ta ba.

Sai ambaliyar 2020 ta zo ta nuna mana ɗaya fuskar. Ruwa ya shanye fadamun Kabi shinkafa na dab da nuna, mutumin da ke da gero a tudu da 'yan awaki ya ji jiki amma ya ci tuwo, wanda ya sayar da komai ya zuba a shinkafa da rance a kansa shi ya san abin da ya gani. Ga jan baki kuma, tsuntsun da in ya samu fili guda na abinci iri ɗaya mai nuna lokaci ɗaya to biki ya samu.

Na san abin da wani zai ce, mutane sun yi yawa, gonar kaka ba ta ciyar da Najeriya ta yau, kuma da gaskiyarsa, ba wanda zai ciyar da mutum sama da miliyan 200 da kwaɗon tafasa. Shinkafar fadama dole a yi ta da yawa, ba a shuka gawo cikin ruwa. Amma tsakanin gonar kaka da share komai akwai wuri mai faɗi, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna. Daga shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi, da taimakon wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo, sunka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, sai su zaɓi reshe ɗaya biyu masu ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya girma. Ba dashe ba ban ruwa ba kuɗin kowa. An ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta haka, itatuwa kusan miliyan 200, a ƙasar da ta fi mu ƙarancin ruwa. Hausawa ne 'yan'uwanmu, gero ɗaya muke ci, mota ɗaya ke kai ka.

Ruwan saman ma da muke jira, iskar damina daga teku take tasowa ta kudu maso yamma, ta bi ta kan kurmin kafin ta iso mu, itatuwan can na tsotso ruwa daga ƙasa suna mayar wa iska. Don haka sarar da ake yi a Ondo ko Kwaddibuwa ba labarin wasu ba ne can.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iri. Yau kusan kowa Faro 44 da 'yan'uwanta yake shukawa don su masu injin casa ke so, suna da auki suna nuna da wuri. Amma kafin su akwai shinkafarmu ta gado, jar nan, wadda asalinta Afirka ne, a fadamun kogin Neja can Mali anka fara nomanta shekaru wajen 3,000 da sunka wuce, ba daga Asiya ta zo ba. Cikinta har da mai bin ruwa, in kogi ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo kanta na sama. Ba ta da auki sosai kuma tana zuba in an bar ta ta bushe a gona, shi ya sa anka guje ta, amma tana jure ciyawa da ƙwari da wahala. Wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, ita ya ɗauka ya haɗa da ta Asiya ya fitar da sabon irin shinkafa mai suna NERICA, har anka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Da a ce manoma sun riga sun watsar da ita gaba ɗaya da me zai haɗa?

Na tambaya a kasuwa wurin masu awo sun ce sai dai ƙauye, wurin tsoffi. Don haka in akwai wanda ya san mai sauran tsohon irin nan, ko wajen Bunza ko Suru ko Augie ko ƙasar Yawuri, musamman mai bin ruwan, don Allah a yi mini magana. Mudu biyu ya ishe ni, zan biya har kuɗin mota, akwai wani lungu a fadamarmu da ruwa ke kwanciya kowace shekara Faro ba ta taɓa yi a wurin ba.